Rumfar Intanet da Sunan Mai Ita

Ɗana,

Mahaifiyarka ta aiko mini cewa ka ƙudura niyyar kai takalman Marwa da hulunan da kake sarowa kasuwar intanet. Ta ce har ka fara rajista a waya sai ka tsaya, don sun nemi hoton katin ɗan ƙasa, naka kuwa wa'adinsa ya ƙare. Ta kuma ce wani abokinka ya ba ka shawarar ka yi da nasa, wai ai duk ɗaya ne. Niyyar taka ta yi mini daɗi, Allah Ya sa albarka. Shawarar abokin ce ta hana ni yin shiru.

Ni ban tashi da waya a hannu ba, amma ciniki da wanda bai san ka ba tun kafin a haife ni ake yin sa. Je ka kasuwar shanu ta Adumri ranar Alhamis ka tsaya ka duba. Bafulatani ya koro bijimi daga daji, mahauci ya zo daga Garwa, wani ma daga kudu, ba wanda ya san uban wani. Abin da ke sa kuɗi su fito daga aljihu shi ne dillalin da ke tsakani, wanda ya san rugar da san ya fito, wanda in gobe aka ce na sata ne shi za a fara riƙewa. Kamfanin da ke da kasuwar intanet aikin wannan dillali yake yi tsakaninka da wata mata a Duwala, sama da kilomita 1,000 daga nan, wadda za ta biya kuɗin takalmin da ba ta taɓa ba. Sai dai shi bai san gidanku a Yalwa ba, bai san jauron unguwa ba, ba zai aiko yaro wajen limamin masallacinku ya ji ko kai mutumin kirki ne ba. Takarda kawai yake iya gani. Don haka kafin ya tsaya maka lamuni yake so ya tabbata cewa mai katin, da mai lambar wayar, da mai asusun da kuɗi za su faɗa, da fuskar da ke cikin hoto, duk mutum ɗaya ne. Tantancewar da ake ta faɗa ke nan, ba wani abu ba.

Kasuwannin ba iri ɗaya ba ne. Akwai na talla zalla, irin CoinAfrique ko zaurukan saye da sayarwa na Facebook, inda kake ɗora hoto da farashi, mai so ya kira ka, ku ƙarasa tsakaninku. Waɗannan ba sa neman abu mai yawa, lambar waya ko imel ta isa. Akwai kuma waɗanda kuɗin mai saye ke bi ta hannunsu, su riƙe har kaya su isa, su cire la'adarsu, su turo maka saura. Su ne masu yawan tambaya. Samari suna jin haushinsu, ni kuwa su na fi so ga ɗan kasuwa mai gaskiya. Inda kowa ke shiga ba a tambaye shi ba, ɓarawo ma yana shiga, kuma in ya cuci mutum goma, kai da ke kusa da shi sai a daina yarda da kai.

To, katin. Ka je ka sabunta naka, ko da hakan zai jinkirta buɗe rumfar. Na san abin da za ka ce: mutane sun yi shekaru suna yawo da resefise, wato takardar jiran kati, ana ta buga masa tambarin ƙarin wa'adi har takardar ta yage a aljihu. Gaskiya ne, duk mun gani. Amma a 2025 hukumar 'yan sanda ta sauya tsarin: ana fara cikewa ta intanet, a biya sefa 10,000, a ba ka ranar da za ka je a ɗauki hoto da zanen yatsu. Kuɗin ya ɗara na da nesa, ba na musu. Ka ɗauke shi cikin jarin rumfa, kamar yadda za ka ɗauki kuɗin haya. In resefise ke hannunka a yanzu, ka tambayi kasuwar tun farko ko tana karɓarsa, kada ka ɗora shi ka zauna jiran amsa.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu na arewa a wannan wuri shi ne rubutun suna. A gida ana kiran mutum Usman, magatakardan da ya rubuta takardar haihuwa ya sa Ousmanou, mai rumfar da ya sayar masa da layin waya ya sa Ousmane, shi kuma da ya zo cike rajista ya rubuta Alhaji Usman don haka ake kiransa a kasuwa. Wajenmu duk shi ne. Wajen na'ura mutum huɗu ne. Na'ura ba ta da kara, ba ta cewa ai na gane. Saboda haka ka ajiye katin a gabanka, ka kwafi sunan harafi bayan harafi, har da jerin da ya zo, wanne ne gaba wanne ne baya. In katin ya ce Mohamadou, kai ma Mohamadou ne a ranar, ko da ba ka son rubutun. Alhaji da Malam da laƙabin da abokai suka sa maka, ka bar su ga sunan shago, can ne aka ba ka damar zaɓa.

Ranar haihuwa ma haka. Mu da aka haifa ba a asibiti ba, da yawanmu takardunmu "an haife shi wajen shekara kaza" kawai suka ce. Ku kun fi mu sa'a, amma har yanzu akwai samari a Gidar da Pitowa da ƙauyukan bakin Lagdo da ba su da takardar haihuwa sam, sai sun bi ta kotu an yi musu hukuncin da ke maye gurbinta. Akwai kuma waɗanda aka rage wa shekaru don jarrabawa, suka wayi gari da takardu biyu masu faɗa da juna. In kana cikin waɗannan, ka faɗa mini mu san yadda za a gyara ta hanyar hukuma. Kada ka ƙara ta uku a kai.

Sai layin waya, wanda a ganina ya fi katin ma haɗari, don shi ne bakin aljihunka. Yawancin kasuwannin nan ta MTN Mobile Money ko Orange Money za su biya ka. Tun 2015 doka ta ce kowane layi a yi masa rajista da katin mai shi, amma ka san yadda abin yake a gidajenmu: layin da ke wayarka wataƙila da katin yayanka aka saye shi lokacin kana ƙarami, ko da na wani da ba ka ma san shi ba. Muddin kira da gaisuwa ne, ba wanda ya damu. Ranar da kuɗin ciniki suka taru a ciki, wayar ta faɗa ruwa ko aka zare ta a kasuwa, ka je ofishin kamfani neman sabon sim, za su ce mai sunan ya zo da kansa. In yana Legas, sai ka jira. In kun ɓata, sai ka yi biko. In ya rasu, sai magada. Ka je tun yanzu ka tambaya da sunan wa layinka yake. In ba naka ba ne, ka sayi sabo da katinka, ka keɓe shi don kasuwa. Ka kuma tuna cewa tun Janairun 2022 gwamnati na cire kashi 0.2 cikin 100 a kan turawa da cirewa, ban da kuɗin kamfani. Ba shi da yawa a ido, amma mai sayar da hula ribarsa ba ta da kauri, sai ka sa shi cikin lissafi.

Wasu kasuwannin za su nemi lambar haraji, wadda ake kira NIU. Nan ne na ga 'yan kasuwa da yawa suna ja da baya, don mu dai in an ambaci ofishin haraji gabanmu faɗuwa yake. Ban ga laifin tsoron ba, yana da tarihi. Amma ka sani lambar kanta kyauta ce, ana samunta ta shafin hukumar haraji, kuma tun dokar kasafin kuɗi ta 2020 ba ka buɗe asusun banki sai da ita. Ta mutum ɗaya tana farawa da harafin P, ta kamfani da M. In wani mai shagon intanet ya ce ka ba shi kuɗi masu yawa ya "samo" maka, ladan cikewa da bugawa kawai yake da hakki a kai. Kuma mutum ɗaya lamba ɗaya. Kada ka bari a yi maka ta biyu don ka manta ta farko.

Rajistar kasuwanci kuwa, wadda ake ce wa RCCM, ba kowane mai farawa ake tambaya ba. In an tambaye ka, akwai ofishin kafa kamfanoni, CFCE, a nan Garwa, ba sai ka je Yawunde ba. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Kamaru ke cikinta tare da Chadi da Nijar da sauransu, tun gyaran 2010 ta ware matsayi na musamman ga ƙaramin mai sana'a, wanda sanarwa kawai zai yi ba cikakkiyar rajista ba. Ka tambaye su wanne ya dace da girman jarinka. Ban ce ka ɗauki kayan da suka fi ƙarfinka ba.

Za su tambayi adireshi, ka yi dariya, don wa ya san lambar gidansa a Garwa? Abin da aka saba a ƙasar nan shi ne zanen kwatance, irin wanda banki ke nema: ga babban titi, ga masallaci, ga famfo, ga gidan. Wasu su nemi takardar kuɗin wuta. In da sunan mai gidan haya take, ka faɗa musu haka. Kada ka rubuta Duwala don a ɗauka kana kusa da masu saye. Ranar da aka yi odar kaya aka ce su isa gobe, kai kuma sai ka kai su ajans, wato kamfanin motocin haya, su kwana a hanyar Ngaundere, ƙaryar za ta fito da kanta, kuma a kan sunanka za a rubuta jinkirin.

Ɗaukar hoton ba wuya, amma a kansa ake mayar da mutane. Katin ainihi, ba kwafi ba. A shimfiɗe, da hasken rana amma a inuwa, kusurwoyi huɗu duk a ciki, gaba da baya, yatsanka bai rufe lamba ba. In sun ce ka ɗauki fuskarka riƙe da katin, ka cire tabarau, ka ɗaga hular in ta rufe goshi, ka goge idon wayar, don ƙurar hunturu ta ishe ta ɓata hoto. In suka ƙi karɓa, ka karanta dalilin, ka gyara wannan abin, ka sake turawa. Kada ka yi fushi ka buɗe sabon asusu da wata lamba. Yawancinsu in suka ga kati ɗaya a asusu biyu, duka biyun suke rufewa.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Imel ɗin da za ka yi rajista da shi, kai za ka buɗe shi, da lambarka, da kalmar sirrin da kai kaɗai ka sani. Na san wani magidanci, mai sana'ar fata, da ya ba yaron shagon intanet ya yi masa komai saboda bokonsa bai yi nisa ba. Yaron ya sa lambar kansa don sauƙi, ba da mugun nufi ba. Ciniki ya kankama, masu saye suka saba da shi, sai yaron ya tafi kudu neman aiki ya sauya layi. Da wayar magidancin ta lalace, saƙon shiga asusu ya riƙa zuwa lambar da ba ta aiki. Duk yabon da masu saye suka rubuta masa yana nan yana kallo a wayar mutane, ba ya iya shiga. Neman taimako ba aibi ba ne, ni ma 'ya'yana ke karanta mini Faransanci mai wuya. Amma mai taimako ya zauna kusa da kai, wayar na hannunka, in an zo wajen sirri ya kau da kai.

Lambar nan mai guda huɗu ko shida da ake turowa ta saƙo, ba a faɗa wa kowa ita. Ba abokinka ba, ba mai rumfar kuɗi ba, ba wanda ya kira da lafiyayyen Faransanci ya ce daga kamfani yake ba. Ka lura, sabon mai rajista shi mazambata suka fi so, don sun san yana zaune yana jiran kira. Za su ce an ga takardunka, saura ka karanto lambar da ta shigo yanzu a ƙarasa. Ko su ce ka tura sefa 5,000 a ba ka alamar amintaccen mai sayarwa. Ko su turo maka wata mahaɗa mai kama da ta kasuwar, harafi ɗaya ne ya bambanta. Ko saƙon ƙarya cewa kuɗi sun shigo, a biyo da kira ana kuka wai kuskure ne, ka mayar. Maganin duk ɗaya ne: ka kashe wayar, ka shiga manhajar da kanka, ka duba asusunka da kanka ta *126# in MTN ne, ko #150# in Orange ne. Abin da ba ka gani a can ba, bai faru ba. In an riga an cuce ka, kada kunya ta hana ka kai ƙara. Kamaru na da doka a kan laifukan intanet tun Disambar 2010, rana ɗaya aka yi ta da dokar cinikin intanet, akwai kuma hukumar ANTIC da ke karɓar irin waɗannan koke-koke.

Kamar yadda na hana ka aro, haka nake hana ka bayarwa. Wata rana kai ma wani zai zo, aboki ko ɗan'uwa, ya ce ara mini katinka in buɗe asusu, nawa ya ɓata. Za ka ji nauyin cewa a'a, don mu an rene mu da kara. Amma duk abin da aka sayar ta wannan asusu kai ka sayar, duk wanda aka cinye wa kuɗi kai ka cinye, kuma in jandarma suka zo da takarda sunanka ne a kai. Kayan aro ba ya rufe katara, ko ga mai aron ko ga mai bayarwa. In kana son taimakonsa, ka raka shi ofishin kati, in da hali ka biya masa. Hoton katin ma kada ya riƙa yawo a WhatsApp. Mai saye ba shi da hurumin neman sa. Kasuwar ce ke tantance ka, ba shi ba.

Na ji kuma cewa wasu samarin, saboda Yola kusa take kuma kasuwannin Nijeriya sun fi girma, sukan karɓi lambar NIN da asusun bankin wani ɗan'uwa a can su yi rajista a matsayin 'yan Nijeriya. Zumuncinmu da Adamawa ya girmi iyakar da Turawa suka ja, wannan ba musu. Amma banki bai san zumunci ba. Kuɗin na mai asusun ne, da naira suke, kuma ka ga yadda naira ta zube a 2023. In kana son kasuwar can, ku yi haɗin gwiwa a fili da ɗan'uwan: shi ne mai rumfa, kai mai kawo kaya, a rubuta rabon kowa a gaban shaidu.

Wannan maganar ka isar da ita ga ƙanwarka da matarka. Na san suna sayar da turaren wuta da atamfa ta waya, kuma na san da lambarka ake biya. Yanzu lafiya lau, kana raye, kuna zaman daɗi. Amma rai na Allah ne. Ranar da ta Allah ta kasance, abin da ke cikin asusun da sunanka dukiyarka ce a idon kowa, za ta shiga rabon gado, mace kuma ta rasa yadda za ta nuna cewa guminta ne. Addini ya ba ta ikon mallakar abinta, mu ne muke ƙin yi mata takarda saboda ganda. Ka kai su su yi kati, su sayi layi da sunansu. In batun hoton fuska ne ke damun wata, ta ɗauka a ɗakinta da hijabinta, fuska kawai ake so a gani.

Kafin ka danna inda aka ce ka amince, ka sa a karanta maka sharuɗɗan, ko da wurare uku ne: nawa suke cirewa a kowane ciniki, bayan kwana nawa suke sakin kuɗinka, da kuma wa ke biyan kuɗin mota in an dawo da kaya. Na ukun shi ne ke karya ɗan arewa, don takalmin da ya je Duwala ya dawo ya ci ribar guda nawa. Ka duba kuma jerin abin da aka hana. Masu fata a Marwa suna da kayan fatar mesa da ta kada, suna da kyau a hoto, amma akwai dokar namun daji a kansu, kuma tun kisan giwayen da aka yi a Buba Njida a 2012 ido ya ƙara buɗewa a kan duk abin da ya fito daga dajin yankin nan. Ka tsaya ga fatar akuya da ta saniya. In takalmi na da tabo, ka nuna tabon a hoto. In hula ɗinkin inji ce, kada ka ce ta hannu.

Abu na ƙarshe, kada ka mai da kasuwar asusun ajiya. A Nuwamban 2019 Jumia, wadda ta fi kowa suna a lokacin, ta dakatar da cinikinta a Kamaru, masu sayarwa suka koma neman wata ƙofa. Kamfani yana duba ribarsa ne, in ba ta fito ba ya naɗe tabarma. Saboda haka kuɗi in sun shigo ka kwashe su a kan kari, ka riƙe littafinka na takarda: wa ya saya, me ya saya, yaushe aka aika, ta wace ajans, lambar rasit nawa. Kwafin katinka, da takardar NIU, da ranar da kowanne zai ƙare, ka sa su a leda ɗaya a cikin akwati, ba a waya kaɗai ba.

In ka karɓo sabon katin, ka biyo ta gida bayan la'asar da shi da wayar. Ƙaninka zai karanta mana sharuɗɗan, mu ji la'adar da suke nema kafin ka sa farashi. Ka gaida mahaifiyarka da mutanen gida.

Kawunka.